Taron da Ya Fara a Gidan Faston Ƙauye

Idan ka daɗe cikin ikkilisiya ka san yadda bikin cika shekaru na Zumuntar Mata yake gudana a ƙauyukanmu. Tun da sauran watanni ake zaɓen atamfar anko, a aika wa manyan baƙi takardun gayyata, a yanka wa kowace mace abin da za ta kawo na hatsi da itace. Ranar biki kuwa tulu da ganga su ɗauka tun da hantsi, mata su shigo majami'a a jere da rawa, a yi wa'azi, a yi baiko, a ci a sha, a watse da yamma kowa yana yabon Ubangiji. Abu ne mai kyau, ni ma na yi wa'azi a irin waɗannan bukukuwa sau da dama. Amma akan tashi ba a faɗi abin da ya kamata a fara da shi ba, wato yadda aka kafa zumuntar, da damuwar da ta sa aka kafa ta.

A shekarar 2026 wata ƙungiyar mata ta ikkilisiyar Anglikan mai suna Mothers' Union, wato tarayyar uwaye mata, take cika shekara 150. A yau tana da mambobi wajen miliyan huɗu a ƙasashe fiye da 80, 'yan'uwanmu Anglikan na Wusasa da Kaduna da Jos kuwa sun san ta sarai, domin matansu suna cikinta. Zumuntar Mata ta ECWA, da ta COCIN da EYN da sauran ikkilisiyoyin TEKAN, kowace tana da nata tarihin dabam. Amma ita ma wannan ƙungiya a ƙauye aka haife ta, a gidan fasto, an kuwa rubuta tarihinta da kyau har da wuraren da ta yi tuntuɓe. Saboda haka ta isa ta zama mana madubi.

Matar da ta kafa ta sunanta Mary Sumner. An haife ta ranar 31 ga watan Disamba, 1828, kusa da birnin Mancesta a Ingila, a gidan masu hali, gama mahaifinta Thomas Heywood mai banki ne. A gida aka koyar da ita, ta iya harsuna, ta kuma ƙware a waƙa, har aka kai ta Roma domin ta ƙaro ilimin kiɗa. A can ta sadu da George Sumner, ɗan Bishop na Wincesta. Suka yi aure a 1848. A 1851 aka ba mijinta ikkilisiyar wani ƙaramin ƙauye da ake kira Old Alresford, 'yan mil kaɗan daga Wincesta, suka tare can. Allah ya ba su 'ya'ya uku, mata biyu da namiji ɗaya.

Shekara ashirin da biyar ta yi a wannan ƙauye tana aikin da kowace matar fasto ta sani: renon yara, karɓar baƙi, koyar da waƙa, koyar da Littafi Mai Tsarki. Da a ce ta rasu a 1875, da ba wanda zai san sunanta yau sai zuriyarta. Sai a 1876, tana gab da cika shekara 48, babbar 'yarta Margaret ta haihu. Ganin 'yarta riƙe da jariri ya tuna mata da nata tsoron ranar da aka fara sa mata jariri a hannu, yadda ta ga an danƙa mata rai alhali ba wanda ya taɓa koya mata yadda za ta goye shi cikin tsoron Allah. An koya mata harsuna da waƙa, amma wannan babban aiki an bar ta ta lalubo shi da kanta. Ta ce a ranta, idan ita da take da ilimi da dukiya da miji fasto ta ji haka, ina ga matar ɗan ƙodago da ke ƙarshen ƙauye?

Ka lura, kaka ce ta fara wannan aiki. Manzo Bulus ya umarci Titus, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, ya sa tsofaffin mata su koya wa ƙananan mata zaman gida da ƙaunar 'ya'yansu. Ya kuma tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama a zuciyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki kafin ta iso gare shi. Mu fastoci mun iya karanta waɗannan ayoyi a ranar mata, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi kansu ko ikkilisiya ta shirya wurin da wannan koyarwa za ta gudana. Mary Sumner wurin ta shirya.

Domin ka gane nauyin abin da ta yi, sai ka san yadda Ingila take a lokacin. Tsakanin masu dukiya da talakawa akwai katanga mai tsawo, har cikin majami'a. A majami'u da yawa iyalan masu hali sukan biya kuɗin haya su mallaki kujerun gaba, talakawa kuwa su zauna a bencin baya. Mutuwar yara ta yi yawa, wajen jarirai 15 cikin kowane 100 ba sa cika shekara ɗaya. Akwai tarurrukan uwaye mata tun kafin Mary, mahaifiyarta ma takan yi irinsu, amma yawancinsu tsarinsu ɗaya ne: matan masu hali su tara matan talakawa, su koya musu ɗinki, su karanta musu wani abu, su yi musu gargaɗi. Mai bayarwa tana sama, mai karɓa tana ƙasa. Ba wanda ya yi tunanin matar mai gona babba, wadda ta bar 'ya'yanta a hannun masu reno, ita ma tana bukatar a koya mata zama uwa.

Mary ta gayyaci dukansu, matar mai gona da matar wanda yake yi masa ƙodago, su zo gidan fasto su zauna a ɗaki ɗaya a matsayin uwaye. Wannan shi ne sabon abin da ta kawo. Yakubu ya riga ya tsawata wa ikkilisiya, a sura ta biyu ta wasiƙarsa, a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye, amma an yi ƙarnuka ana karanta wannan sura a majami'un da ake hayar kujeru.

Ranar taron farko matan suka zo, suka cika ɗakin. Sai tsoro ya kama Mary har ta kasa fitowa ta yi musu magana. Mijinta ne ya tsaya a madadinta, ya yi musu jawabi, ya roƙe su su dawo mako mai zuwa. Ina ƙaunar wannan ɓangare na tarihin, ina kuma farin ciki da masu rubuta shi ba su goge shi ba, domin da mu ne da mun gyara shi kafin a kai wa mai buga takarda. Ƙungiyar da take da mata miliyan huɗu yau, ranar farko shugabarta ɓuya ta yi. Musa ma ya yi wa Allah gardama a kan nauyin bakinsa, kamar yadda Fitowa sura ta huɗu ta nuna, Bulus kuma ya shaida wa Korantiyawa cewa da tsoro da rawar jiki ya zo musu. Abin da ya ceci aikin shi ne matan sun dawo, ita ma ta dawo. A mako na biyu ta tsaya ta bi da taron da kanta. George Sumner ya cancanci yabo a nan, gama ya riƙe mata wurin na mako ɗaya, sa'an nan ya mayar mata. Na san mazan da da sun riƙe shi har abada, su ce ai mata ba su iya ba.

Daga 1876 zuwa 1885 ƙungiyar ba ta fita daga Old Alresford ba. Shekara tara ke nan, mata 'yan kaɗan suna taruwa, suna addu'a, suna magana a kan tarbiyyar yara, ba jarida, ba ofishi, ba wanda ya san da su a Landan. Masu ba da tarihin sukan tsallake waɗannan shekaru da jimla ɗaya domin su isa wurin manyan lambobi, amma a ganina a cikinsu ne aka gwada abin aka ga yana da rai.

A 1885 aka yi babban taron ikkilisiyar Ingila a birnin Portsmouth. An shirya wani zama domin mata, aka ba Bishop Ernest Wilberforce na Newcastle ya yi musu jawabi. Shi jikan William Wilberforce ne, wanda ya yi yaƙi da cinikin bayi a majalisar Ingila. Da ya ga ɗakin cike da mata, ya gane ba shi da abin da zai faɗa musu da zai kai zuciya, sai ya roƙi Mary Sumner ta yi magana. A zamanin ba a saba ganin mace mai mutunci tana jawabi a gaban taro ba, tsoronta na dā kuwa bai rabu da ita ba. Duk da haka ta tashi, ta yi magana a kan cewa gyaran ƙasa daga gida yake farawa, uwaye kuma idan suka haɗa kai cikin addu'a za su iya abin da ba su zata ba. Mata da yawa suka koma ikkilisiyoyinsu suka kafa irin taronta. Bishop na Wincesta, Harold Browne, ya karɓe ta ta zama ƙungiyar dukan dayosis ɗinsa.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. A 1892 mambobi sun kai 60,000 a dayosis 28. A 1896 aka kafa majalisar tsakiya, Mary ta zama shugabarta ta farko. A 1897 Sarauniya Biktoriya ta yarda ta zama uwar ƙungiyar. Zuwa 1900 mambobi sun kai 169,000, rassa kuma sun tsiro a Niyu Zilan da Ostareliya da Kanada da Indiya. Mary ta rasu a watan Agusta 1921 tana da shekara 92, aka binne ta kusa da mijinta a harabar babbar majami'ar Wincesta. A 1925 aka buɗe hedkwatar ƙungiyar a Landan, aka sa wa ginin sunanta. Yau mafi yawan mambobin suna Indiya da Afirka, na Birtaniya kuwa ba su kai dubu ɗari ba. A 2019 aka sami shugaba ta duniya ta farko daga wajen Birtaniya, Sheran Harper, 'yar ƙasar Guyana.

Da littafin shirin biki nake rubutawa, da a nan zan tsaya. Amma akwai sauran magana, ita ce kuma ta fi shafarmu.

Yayin da ƙungiyar ta girma ta yi doka, ta sa tsare tsarkin aure a kan gaba cikin manufofinta. Wannan daidai ne, ni ma abin da nake koyarwa ke nan, gama Ubangijinmu da kansa ya koyar cewa aure ba abin da mutum zai raba ba ne. Sa'ad da gwamnatin Ingila ta kafa hukumar binciken dokar kisan aure tsakanin 1909 da 1912, ƙungiyar ta tsaya da ƙarfi a kan kada a sauƙaƙa shi. Amma ta ƙara wani mataki: ta hana duk matar da aurenta ya mutu a kotu zama mamba, ko da mijin ne ya ci amanarta ya tafi. Ka duba abin da wannan yake nufi a ƙauye. Ga mace da 'ya'ya huɗu, mijinta ya bi wata, ita kaɗai take ci da su, ba wadda ta fi ta bukatar 'yan'uwa mata da za su yi addu'a tare da ita. A daidai wannan lokaci ne ake cire sunanta daga littafi. Ƙungiyar da aka kafa domin uwar da nauyi ya fi ƙarfinta ta rufe ƙofa a gaban uwar da nauyinta ya fi na kowa.

An yi shekaru da yawa a haka. A wajen ƙarshen shekarun 1960 rassan Kanada da Niyu Zilan suka ƙi ci gaba da bin wannan doka, abin ya kai ga rabuwa. Aka kafa kwamiti, ya kawo rahoto a 1972, sai a 1973 majalisar tsakiya ta yarda a buɗe ƙofa ga matan da aurensu ya mutu. Saura shekara uku ke nan ƙungiyar ta yi bikin cika shekara ɗari. Ba ta daina koyar da tsarkin aure ba. Abin da ta gane a makare shi ne koyar da gaskiya dabam, zaɓen wadda za a yarda ta zauna ta ji gaskiyar kuma dabam. Matar da Yesu ya zauna da ita a bakin rijiya a Samariya, a Yahaya sura ta huɗu, ta yi maza biyar, ya kuwa faɗa mata gaskiyar zamanta ba ɓoye-ɓoye, amma bai tashi daga bakin rijiyar ba, ita ce ma ta kira masa mutanen garin.

Kada ka yi saurin ganin laifin Turawa. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, aikin dattawa ne, yana da ƙa'idarsa a cikin Littafi Mai Tsarki, manufarsa kuma maido da mai laifi ce. Amma a zumuntocinmu akwai wata irin kora da ba dattawa suka yanke ba, ba a kuma rubuta ta a ko'ina ba. Bazawara takan ga an daina sanar da ita ranar taro. Gwauruwar da ta kasa biyan kuɗin wata takan ji kunya ta daina zuwa, ba wadda ta bi sawunta. Wadda ba ta haihu ba takan zauna tana jin ana ta maganar 'ya'ya kamar ba ta wurin. Anko kansa, wanda aka ƙirƙiro domin mai kuɗi da marar kuɗi su zama ɗaya a ido, yakan zama katanga idan aka zaɓi atamfar da rabin matan ƙauye sai sun sayar da akuya kafin su saya.

Mukan buga kalmar jubili a kan takardun bikinmu. A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin ita ce shekarar da wanda talauci ya raba da gonarsa yake komawa gonarsa, wanda ya sayar da kansa bauta kuma yake komawa cikin danginsa. Biki ne na dawo da wanda ya rasa wurinsa. A Joshuwa sura ta huɗu kuma, duwatsu goma sha biyun da aka ɗauko daga tsakiyar Urdun an kafa su ne domin yara su yi tambaya, iyaye su ba da labarin abin da ya faru. Tunawa da gaskiya, da dawo da wanda ya fita, su ne abubuwa biyu da Littafi Mai Tsarki ya ɗaura wa irin wannan rana. Na koyi wannan da kunya, ba a makarantar tauhidi ba.

Ina sabon fasto a wani ƙauye, zumuntar matan ikkilisiyarmu ta cika shekara hamsin. Ni na duba littafin shirin kafin a buga. An jera sunayen dukan fastocin da suka yi aiki a wurin, da uban biki, da uwar biki, da manyan baƙi daga birni. Ban lura ba ko sunan mace ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa zumuntar babu. Ranar biki magatakarda tana cikin karanta tarihi, wanda ya fara da shekarar da aka sayi ganguna, sai wata tsohuwa da idonta ya kusa rufewa ta ɗaga sandarta daga benci na biyu.

Ta ce, "Baba Fasto, a gafarce ni, ba haka aka fara ba."

Na ce, "Mama, faɗa mana yadda aka fara."

Ta ce su shida ne. Akwai wata a cikinsu da dangin mijinta suka kore ta saboda ta ƙi komawa ga tsafin gida bayan ɗanta ya rasu. Ba ta da gona, ba ta da wurin zuwa. Sai sauran biyar suka shirya kowace ta riƙa ɗebo mata mudun dawa daga nata rabon, suna haɗuwa a gindin ɗorawa ranar Alhamis bayan kasuwa domin su ba ta ba tare da mazansu sun yi magana ba. Ɗaya ce kaɗai a cikinsu ta iya karatu, ita take karanta musu Littafi Mai Tsarki da Hausa, tana bi da yatsa, sa'an nan su yi addu'a da harshensu. Ganguna, in ji ta, sai bayan shekaru da yawa suka zo.

Sa'an nan ta juya kanta wajen matan ta tambayi inda 'yar waccan matar take, domin ba ta ji muryarta cikin masu waƙa ba. Majami'a ta yi tsit. Kowa ya sani, har da ni. Mijinta ya tafi birni ya auri wata, ya aiko mata da takarda, kuɗin zumunta ya taru a kanta, aka daina kiran sunanta. Shekara biyu ke nan ba ta zo taron mata ba, ni kuwa ban taɓa tambayar dalili ba, ko da yake ina ganinta kowace Lahadi a bencin ƙarshe kusa da ƙofa.

Shugabar zumuntar, Allah ya sāka mata, ba ta jira in yi magana ba. Ta tashi da kanta, ta ɗauki mata biyu, suka fita. Muka zauna muna jira, manyan baƙi suna duba agogo, abinci yana hucewa. Bayan kamar rabin sa'a suka dawo da ita cikin tsohon zanenta na aiki, hannunta da sauran garin da take tankaɗe. Tsohuwar ta sa aka kawo ta kusa, ta shafa fuskarta, ta kwance ɗankwalin ankon da ke kanta ta ɗaura mata, ta matsa mata wuri a benci na biyu. Magatakarda ta tambaye ni a hankali ko ta ci gaba da karatu daga inda ta tsaya. Na ce ta bari tukuna.

Washegari na ɗauki littafin rubutu na tafi gidan tsohuwar. Ta faɗa mini sunayen matan shida ɗaya bayan ɗaya, da unguwar kowace, da wadda ta riga wata rasuwa, ta kuma sa jikanta ya kai ni inda ɗorawar take dā, gama an sare ta an yi shago a wurin. Ba ta kai damina ta gaba ba. Takardar da na rubuta tana nan manne a cikin bangon littafin rajistar zumuntar.